Takardar da Aka Liƙa a Dumbari

Muhsinu ɗan Damagaram ne, amma a Diffa ya yi aure, a nan kuma ya buɗe shagon buga takardu kusa da tsohuwar tasha. Shagon ɗaki ɗaya ne. Akwai ordinatar guda, wato kwamfuta, da injin bugawa da ya sayo a Maiduguri tun hanya tana da lafiya, da benci na masu jira. Yana buga katin aure da na suna, da manyan takardun sanarwa da ake liƙawa a bango, waɗanda a garin ake kira afish.

Abin da aka san shi da shi wasu haruffa ne. A cikin ordinatarsa akwai zubin rubutu iri-iri, sun fi ɗari biyu, amma in dai kan magana ne wanda ake so a hango daga nesa, guda ɗaya yake ɗauka. Haruffan manya ne. Jikinsu na tsaye kauri kamar taɓarya, na kwance siriri kamar tsinken tsintsiya, kowanne kuma yana tsaye kan wata faffaɗar ƙafa mai ɗan lanƙwasa. Wutsiyar R da ta J tana saukowa ta ƙare da ɗan dunƙule kamar magarya. Sunansu na asali na Turawa ne, ba mai iya faɗinsa, sai Muhsinu ya raɗa masu Mai Takalmi. Da su ya rubuta allon farmasin bakin kasuwa, da na masu sayar da taya, da katin auren rabin ma'aikatan garin. Har waɗanda ba su iya karatu ba, in sun ga rubutun a bango, sukan ce aikin Muhsinu ne.

Matarsa Kaltumi Babarbariya ce ƴar cikin garin, tana koyarwa a lakwal ta firamare. Ita ba ta son haruffan. Takan ce masa kwalliyarsu ta yi yawa, ƴan ajinta sai sun tsaya sun yi shawara kafin su gane G daga C. Shi kuma ya ce ai ba don ƴan aji biyu aka yi su ba.

A ƙarshen shekarar 2016 wani dattijo mai suna Kalli, shugaban wata ƙungiyar manoman tattasai ta bakin kogin Komadugu, ya zo shagon. Lokacin an hana cinikin tattasai saboda rikicin ƴan bindigar da ke daji, an hana hawan moto, wato babur, taki da man injin ban ruwa ma sai da takarda. Manoman suna son su taru su roƙi a sassauta masu. Muhsinu ya buga masu afish ɗari biyu, jan rubutu a kan fari: ƘUNGIYAR MANOMAN TATTASAI TA KOMADUGU, BABBAN TARO A DIFFA RANAR LAHADI. Sai dai ba a yi taron ba. Kwana biyu kafin ranar aka ce ba a yarda da taruwar jama'a ba. Muhsinu ya manta da aikin.

Wata huɗu bayan nan, ranar wata Litinin da hantsi, jami'an tsaro biyu cikin fararen kaya suka shigo shagon. Suka ce ya kashe ordinatar ya ɗauko ta. Ya ɗauko, suka sa shi a mota tare da ita. Telan da ke maƙwabtaka da shi ne ya rufe shagon, ya tafi lakwal a ƙafa ya faɗa wa Kaltumi.

Ta bar aji a hannun dirakta ta tafi ofishinsu. Ta zauna a kan dakali har azahar kafin aka shigar da ita wurin wani jami'i mai muƙamin ajidan, mutum mai furfura a gefen kai, wanda da ganin idanunsa ya daɗe bai yi barcin kirki ba. Bai ɗaga mata murya ba. Ya juyo mata da wata takarda a kan tebur. Hoto ne da aka ɗauka da waya aka buga, ya ɗan dushe. A cikinsa ana ganin farar takarda a jikin zana, da jan rubutu layi biyu: KU TASHI KAFIN JUMA'A.

Kaltumi ta gane haruffan tun kafin ta karanta.

"Madam, kin san Dumbari?" in ji ajidan.

Ta ce ta san sunan. Ƙauye ne a bakin kogi, gabas da Geskeru.

"Ranar Laraba da ta wuce suka wayi gari da irin wannan guda uku, ɗaya a masallaci, ɗaya a rijiya, ɗaya a ƙofar bulama, mai garin. Ranar Alhamis suka kwashe kayansu suka fito bakin gudron, babbar kwalta. Ranar Asabar mutanen daji suka tsallako. Sun ƙone garin, sun kwashe injunan ban ruwa, sun kashe wani tsoho da ya ƙi tashi. Takardun sun ƙone tare da garin, wannan hoton kawai ya rage. Wanda ya rubuta wannan ya san ranar da za su zo. Ni kaina da waɗannan haruffan mijinki ya buga mini katin sunan ɗiyata."

"Ranka ya daɗe, haruffan a cikin ordinatar suke. Duk mai ordinatar zai iya samunsu."

"Mun zaga masu buga takardu na garin nan, su shida ne. Shi kaɗai ke da su."

Ta tambaya me za a yi masa. Ya ce ana tara sunayen waɗanda za a tura Yamai, ba shi ne mai yanke hukunci ba. Kaltumi ta san abin da hakan ke nufi. Mijin wata abokiyar aikinta an tafi da shi shekara biyu ke nan, har yanzu bai ga alƙali ba.

Sai a rana ta huɗu aka bar ta ta gan shi, a tsaye, ta wata taga mai ƙarafa, lokacin da ta kai abinci. Ya rame, rigar da aka kama shi da ita ce a jikinsa. Bai tsaya dogon gaisuwa ba.

"Kin ga hoton?"

"Na gani, Malam."

"J ɗin ba nawa ba ne. J na Mai Takalmi yana saukowa ƙasa da layi, yana da dunƙule a wutsiya. Wancan ba shi da dunƙule. U ne aka raba biyu. Kuma haruffan ba su zauna kan layi ɗaya ba, S ɗin ya karkace. Inji ba ya yin haka. Yanko su aka yi daga wata takarda aka manna."

"Ka faɗa masu?"

"Sau uku. Ajidan ya ce mutum ya mutu, shi ba zai zauna yana musu a kan wutsiyar harafi ba." Ya matso kusa da ƙarafan. "Tun shekaranjiya nake tuno duk abin da na buga da ja. Wanda ba J a cikinsa, kuma ya tafi bakin kogi, ɗaya ne. Afish ɗin masu tattasai. Ki nemi Baba Kalli."

Mai gadi ya ce lokaci ya yi.

Ranar Juma'a Kaltumi ta sami Kalli a gidan ɗansa da ke unguwar bayan asibiti, inda yake zaune tun da shi ma ya baro gonarsa. Da ya ji abin da ya kawo ta, sai ya tashi ya tura ƙyauren zaure. Ya ce an raba kaɗan daga takardun kafin a soke taron, sauran kuma an mayar wa mai kula da siton ƙungiya, wani mai suna Bunu.

"Ina yake, Baba?"

Kalli ya daɗe yana gyara hularsa.

"Mutumin Dumbari ne," in ji shi a ƙarshe. "Suna bakin gudron tare da sauran. Ɗiyata, Bunu mutumin kirki ne, shekara goma sha biyu ba a taɓa rasa ko buhu ɗaya a hannunsa ba. Ni ba zan raka ki ba. Kada kuma ki ce ni na aike ki."

Washegari Asabar ce, ba lakwal. Ta shiga motar Geskeru da safe. A shinge biyu aka sauke su aka duba katin kowa. Mutanen Dumbari sun zauna a gefen kwalta, a wani fili mai ƙayar aduwa, sun kafa bukkokin zana sun rufe da leda. Wasu sun shanya ɗan tattasan da suka samu suka tsinko kafin su taso, ja a kan buhunan da aka farke. Mafi yawan amfanin yana can a gona, ba mai iya komawa.

Ta yi tambaya da Barbarci, aka nuna mata bukkar Bunu. Ba ya nan, ya tafi layin ruwa. Matarsa Yakaka ta shimfiɗa mata tabarma, ta ba ta ruwa a moɗa. A cikin bukkar wata tsohuwa tana kwance, fuskarta ga zana. Suka gaisa, suka yi jaje. Kaltumi ta ce ita matar mai buga takardu ce, tana neman ragowar wasu takardu masu jan rubutu na ƙungiya, ko an fito da su.

"Waɗancan? Ai ya ƙone su ranar da za mu taso," in ji Yakaka. "Sai ƴan kaɗan da na riga na ɗiba na naɗe kwanukana, kada fenti ya goge a amalanke. Bai ma sani ba."

Ta jawo wani buhu ta fara fito da kwanukan. Takarda ta farko lafiyarta ƙalau. Ta biyu ma haka. Ta uku da Kaltumi ta buɗe, hasken rana ya ratso ta wurare da yawa. An yanke haruffa da reza, yanka mai tsabta, kusurwa huɗu. Babu K na Komadugu, babu F ɗaya na Diffa, babu H na Lahadi. A ta huɗu kuwa, a ƙarshen kalmar Komadugu, rabin U yana nan a wurinsa, ɗaya rabin an ɗauke.

"Ban san abin da ya ci su haka ba," in ji Yakaka. Ba ta iya karatu ba.

Kaltumi ta ninke takardun biyu ta ɗora gwiwarta a kai. Ta ce za ta jira maigidan.

Bunu ya dawo da jarka biyu a baro. Dogo ne, ya kai shekara hamsin, yatsunsa sun rine da tawadar da yake rubuta sunayen manoma a jikin buhu. Yakaka ta faɗa masa ko wace ce baƙuwar. Ya dubi Kaltumi, ya dubi gefen takardar da ke leƙowa ƙarƙashin zanenta. Ya ajiye jarkunan a hankali, ya ce wa matarsa ta kai wa maƙwabta baronsu, ta tsaya can har ya kira ta.

Ya tsuguna a bakin bukkar, ba a kan tabarma ba.

"Yau kwanansa nawa?" ya tambaya.

"Shida. Ashe ka sani."

"Na ji ranar Laraba. Shekaranjiya na sa takalmi, na tsaya a bakin kwalta har motoci uku suka wuce. Na dawo."

"Me ya sa ka yi, Baba Bunu?"

Ya nuna cikin bukkar da haɓarsa. Ya ce tsohuwar mahaifiyarsa ce. Tana da wani ɗa, ƙanensa Bubakar, wanda ya bi mutanen daji shekara biyu da suka wuce, bayan an hana kamun kifi. Ba su ƙara jin ɗuriyarsa ba, sai ranar Litinin ɗin waccan da rana tsaka, Bunu yana gona, wata baƙuwar lamba ta kira. Bubakar ne. Bai yi ko sallama ba. Ya ce ɗauki Ya, haka suke kiran mahaifiyar tasu, ka fita da ita kafin Juma'a, ya kashe.

"Na je wurin bulama na ce jikina yana ba ni wani abu, ruwa ya janye, ya kamata mu ɗan matsa. Ya yi dariya. Ya ce tattasai ya nuna, wa zai tashi ya bar shi don jikin Bunu? In na ce Bubakar ne ya kira, kafin magariba labari ya kai wurin sojoji, a ce ina magana da daji. In kuma ya tsallaka kogi, su yanka shi. In na ɗauki Ya na fita ni kaɗai, to sauran fa? Gida ɗari da wani abu." Ya buɗe tafin hannunsa ya dube shi. "Rubutuna kuwa kowa ya sani, yana jikin kowane buhu a garin. Sai na tuna takardun nan a sito. Na yanka da reza, na manna da ƙaro. Da suka ga haruffan, ba wanda ya yi musu. Rubutun ya yi kama da na manya."

"Mijina za a kai Yamai."

"Na sani."

"Bai taɓa taka Dumbari ba."

"Na sani, Madam. Ban yi tunanin za a bi haruffa har shagonsa ba. Wallahi ban yi ba." Ya ɗago ya dube ta. "In kin kai sunana, ba zan musa ba. Ba zan gudu ba kuma, ina zan je da ita? Abu ɗaya nake roƙo, kada sunan Bubakar ya fito."

Kaltumi ba ta yi masa alkawarin komai ba. Ta sa takardun a jakarta, ta leƙa ta yi wa tsohuwar sallama, ta fita bakin kwalta. Ranta a ɓace yake. Tana tsaye tana jiran mota, yaran Dumbari suna wasa a ƙarƙashin wata aduwa, sun fi ashirin. Ta juya masu baya har motar ta zo.

Ranar Litinin ta koma wurin ajidan. Ta roƙe shi ya fito da hoton. Ta shimfiɗa takardun biyu kusa da shi, ta ɗauki bik ɗinsa na rubutu ta riƙa nuna masa kamar yadda take nuna wa ƴan aji: ga K, ga inda aka ciro shi. Ga H. Ga F. Sannan ta ɗora yatsa kan rabin U da ya rage.

"Babu J a afish ɗin nan, ranka ya daɗe, ka duba. Wanda ya yi bai sami J ba, sai ya raba U. Mai injin bugawa ba ya buƙatar reza. In yana son J, maɓalli ɗaya zai danna."

Ajidan ya sa tabarau. Ya ɗaga takardar ga taga, ya daɗe yana dubawa. Ya kira wani ƙaramin jami'i, aka kunna ordinatar Muhsinu da ke ajiye a kusurwa, aka buga J da Mai Takalmi. Ya fito da wutsiyarsa da dunƙulensa.

"A ina kika samo waɗannan?"

"A bakin gudron. Wata mata ta naɗe kwanuka da su."

"Sunanta?"

"Ban tambaya ba."

"Kika tashi daga Diffa, kika tsallake shinge biyu, kika faɗa bukkar da takardar take, amma ba ki tambayi suna ba."

"Bukka-bukka na bi. Ɗari biyu aka buga, sun watsu ko'ina."

Ya cire tabarau ya dube ta. Ba ta sunkuyar da kai ba.

"Madam, wanda ya yanka wannan ya san ranar."

"Haka ne. Amma ba mijina ba ne."

Ya ce ta fita ta jira. Ta zauna a dakalin daga hantsi har bayan la'asar, ba a kira ta ba, ba a kuma ce ta tafi ba. Tana nan aka kawo Kalli a mota. Ya wuce ta bai dube ta ba. Daga baya ta ji abin da ya faɗa a ciki: an raba takardun a ƙauyuka goma sha ɗaya, shi tsoho ne, ba zai iya tuna hannun wa da wa suka shiga ba. Da yamma ajidan ya fito zai shiga mota, ya tsaya a gabanta.

"Mutum nawa ne a Dumbari?" ya tambaye ta.

"Ban sani ba. Da yawa."

"Ɗari bakwai da wani abu," in ji shi. "Ki tafi gida."

Ba a saki Muhsinu a ranar ba, ba kuma a makon ba. Motar Yamai ta tashi ranar Alhamis, Kaltumi ta tsaya daga nesa tana leƙen fuskokin da ake shigarwa, ba ta gan shi ba. Sai a kwana na ashirin da uku, da azahar, ya shigo gida da ƙafarsa, ba takarda, ba bayani. Ya yi wanka sau biyu, ya ci shinkafa kaɗan, ya kwanta a tsakar gida don ya ce ba ya son ɗaki. Ordinatar kuwa wata huɗu ta ƙara yi a can.

Ta bari ya yi mako guda kafin ta faɗa masa komai. Da ta gama, ya tashi zaune.

"Kin san sunansa tun kwana na shida, kika bar ni na ƙara kwana goma sha bakwai?"

"Na sani."

"Da sun sa ni a motar fa?"

"Da na faɗa. Na tsaya a wurin ranar. Da na gan ka a layi, da na shiga na faɗa."

"Da ya makara."

"Wataƙila," in ji Kaltumi.

Ya yi kwana uku ba ya yi mata magana sai gaisuwa. Sau ɗaya ya shirya zai tafi wurin ajidan, ya kai ƙofar shago ya zauna a benci har yamma. Bai tafi ba, bai kuma ce ya yafe ba.

Aiki ya ja baya. Mutane ba sa son a gan su suna shiga shagon wanda aka taɓa kamawa. Mai farmasi ya sa aka sake masa allo a wani wuri. Abin da ya riƙe su albashin Kaltumi ne, da wata ƙungiyar agaji da ta zo tana neman mai buga mata sanarwar wanke hannu da ta rigakafi cikin Hausa da Barbarci. Su ba ruwansu da labarin, kuma sun zo da nasu zubin rubutun, siriri, marar ƙafa. Muhsinu ya buga masu yadda suke so. A hankali masu aure suka fara dawowa.

A farkon shekara ta gaba, wata Talata, ranar kasuwa, wani dogon mutum ya tsaya a ƙofar shagon ya yi sallama, bai shigo ba. Muhsinu bai taɓa ganinsa ba, amma da ya dubi yatsunsa ya gane.

"Ni ne Bunu," in ji mutumin, da Hausarsa mai nauyin Barbarci.

"Na gane."

"Na zaga shago uku, na kasa shiga. Ban san abin da za su yi da maganar ba. Kai ka riga ka sani."

Ya ce Bubakar ya fito daga daji ya miƙa kansa, yanzu yana sansanin tubabbu a Gudumariya. Tsohuwa tana raye, amma ba ta tashi, kuma tana son ta gan shi. An ce sai an rubuta takardar neman izini da Faransanci, da inji.

Muhsinu ya bar shi a tsaye na ɗan lokaci. Sannan ya ce, "Mu arba'in ne a ɗakin. Ba a kwanciya, sai dai a jingina. Akwai wani mai kifi daga Boso da ya rasu a kafaɗata, sai da aka zo kawo ruwa muka sani. Kunnena na hagu har yau ba ya ji sosai. Ina so ka san wannan."

Bunu ya saurara, bai katse shi ba. Da ya gama, ya ce, "Na ji. Ba ni da abin da zan ce ya isa."

"Shigo ka zauna."

Bunu ya zauna a ƙarshen benci. Muhsinu ya juya ga ordinatar, ya tambaye shi cikakken sunan Bubakar, da sunan mahaifiyarsu, da shekarunta, da lambar katinsa. Ya rubuta, ya karanta masa yana fassarawa. Bunu ya ce a ƙara cewa ba ta iya zaman mota sai a kwance, ko za a yarda a kawo shi Diffa. Muhsinu ya ce da wuya su yarda, amma ya ƙara. Ya buga kwafi biyu, ya nuna masa inda zai sa hannu, ya faɗa masa ofishin da zai fara kaiwa da wanda zai tambaya a can.

"Kada ka bar masu duka biyun. Su buga hatimi a ɗaya su ba ka."

Bunu ya naɗe takardun a leda ya sa a aljihun gaba. Ya tambayi lafiyar Madam. Muhsinu ya ce tana lakwal. Wata mata ta shigo da jariri a goye tana tambayar katin suna, Bunu ya tashi ya ba ta wuri, ya ce zai yi sauri ya kai takardar kafin a rufe ofis, don motar ƙarshe ta Geskeru ba ta wuce la'asar.